Makonnin da Malam Kandaya Ya Daina Haɗiya

Da sunan Allah nake farawa. Maƙwabcina Malam Kandaya ya rasu a sanyin da ya wuce, kuma 'yarsa Janaki ta yarda in rubuta yadda jinyarsa ta gudana, saboda tsofaffinmu da ke zaune a nan London da 'ya'yan da ke ɗawainiya da su. Abin da nake so a riƙe a ciki ba shi da tsawo. Idan tsoho ya daina cin abinci, a fara kai shi a duba maƙoshinsa kafin a nemo masa dalili. Mu dalilin muka fara samu, kuma dalili ne mai kyau ƙwarai, shi ya sa muka yi makonni muna kallon mutum yana ƙarewa muna yaba masa.

Malam Kandaya ba Bahaushe ba ne, ba kuma Musulmi ba. Ɗan ƙabilar Tamil ne daga arewacin Sri Lanka, addininsa Hindu, ko da yake ban taɓa ganin ya matsa wa kansa a kai ba. A tashar bas muka haɗu a Barking, shekarun baya. Ina kan waya ina yi wa ɗana faɗa da Hausa, da ƙarfi, don na tabbata babu mai ji, sai wani tsoho siriri mai karkataccen hanci ya juyo ya ce mini, "Alhaji, a yi haƙuri, yaro ne." Ashe ya koyar da lissafi a wata sakandaren gwamnati a arewacin ƙasarmu, zamanin da ake ɗebo malamai daga Indiya da Sri Lanka, kuma a can aka haifi Janaki. Ɗalibansa suka sa masa Malam, sunan ya biyo shi har nan. Da muka sauka daga bas muka tarar bene ɗaya muke. Shi yana ƙasa shi kaɗai tun rasuwar matarsa, ni da mai ɗakina Hajiya Rabi muna samansa.

Ni aikin kamfanin jiragen ruwa ne ya yawata da ni. Na zauna Jidda, na zauna Bombai, na zauna Abijan, daga baya na yi tafinta a nan har na yi ritaya. Duk da haka na daɗe ban san wane ne maƙwabcina ba, sai ranar da na raka shi wani shagon Tamilawa sayen muruci. Giginya ce itacen ƙasarsu, suna dafa muruci su ci kamar mu. Mai shagon ya zagayo daga bayan kanta ya sunkuya ya taɓa ƙafarsa. A hanya na tambaye shi, ya ce mutumin ya ɗauke shi wani ne daban. Janaki ce ta ba ni labarin.

A ƙuruciyarsa, lokacin da gwamnatin ƙasarsu ta ɗora harshen masu rinjaye a kan kowa, yana cikin samarin da suka tashi neman 'yancin yankinsu. Shi waƙa yake rubutawa. Ana haddacewa, ana rerawa a bas da gidan biki, wuraren da takarda ba ta isa ta shiga ba. Aka kama shi. A gidan yari ya yi yajin cin abinci har labarin ya fita waje, kuma a can hancin ya karkace. Da samarinsu suka ɗauki bindiga, su ma bai ƙyale su ba, ya yi waƙa a kansu. Daga nan ya rasa wurin kwana a ɓangarorin biyu, ya bar ƙasar. Ni ban shiga siyasarsu ba, Tamil kuma gaisuwa kawai na iya. Abin da na sani shi ne har yau yara a makarantar Asabar ta Tamilawa suna haddace wata waƙarsa a kan giginyar da harsashi ya sare wa kai, yawancinsu ba su san mai waƙar yana bin layin kantin magani tare da kakanninsu ba.

Duk shekara, idan sanyi ya sauka itatuwa suka fara toho, yakan yi yajin cin abinci na 'yan kwanaki don tunawa da mutanen da aka tafi da su lokacin yaƙi ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A wani ɗakin taro ake yi, saman shagon kayan miya. Ruwa kawai yake kurɓa. Mutane su zo da hotunan nasu su jingina a bango, a karanta sunaye. Wanda ke shirya taron shi ne Mista Rajan, tsohon direban bas, wanda ɗansa na cikin waɗanda suka ɓata. Tamilawan London suna da rigimarsu kamar kowa, akwai masu ganin Malam Kandaya ya ci amanar masu bindiga, amma wannan yajin kowa yana zuwa. Shi ne abu ɗaya da ya rage masa wanda babu mai jayayya a kai.

Yanzu da na waiwaya, ciwon ya riga yajin bara da watanni. Muruci ya fara bari, ya ce haƙora ne. Shinkafa sai ya cika ta da romo ya dama. In Hajiya ta aika masa tuwo, kwanon ya dawo kusan yadda ya je, da saƙon cewa a ƙara masa kunu. Hajiya ta ɗauka yabo ne, ta riƙa dama masa kunun gyaɗa tana fahariya. Janaki a Deptford take zaune, tana aiki da council, wato ƙaramar hukuma, sai ƙarshen mako take zuwa, shi kuma in ta zo sai ya ce yanzu ya gama ci.

Ranar da ya kamata ya karya yajin ina wurin. A al'adarsu mai yaji ba ya karyawa da hannunsa, wani babba ne zai miƙa masa kofin ruwan lemo a gaban jama'a. Mista Rajan ya miƙa, ya kurɓa, sai na ga ya kai gefen mayafinsa baki ya daɗe a haka. Da ya sauke ya yi magana da Tamil, ɗakin ya ɗauki tafi, mata suna share hawaye. Na kusa da ni ya fassara mini cewa Malam ya ce ba zai karya ba bana, zai ci gaba, tunda iyayen waɗanda suka ɓata suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya babu amsa. Ni ma na tafa.

Makon farko a gida flat ɗinsa ya zama wurin ziyara. Ana zuwa da furanni, ana cire takalma a bakin ƙofa har su tare mana matakala. Yana zaune a kujerarsa da farin zane, fuskarsa ta yi haske irin na mai azumi. Kusa da ƙafarsa akwai wani gwangwanin madara da ya rufa wa hankici, lokaci-lokaci ya ɗauka ya tofa yawu. Janaki ta tambaye ni ko na lura. Na ce na lura, na kuma yi mata bayani. Na ce a Kano in azumi ya kama za ka ga mutane suna ta tofar da yawu a hanya, suna gudun kada haɗiyewa ta karya musu azumi, alhali a Jidda da na zauna babu mai yi, don malamai sun ce ba komai. Na ce babanta ya zauna cikin Hausawa, a wajenmu ya ɗauko. Ta gamsu. Ni ma na gamsu da bayanina.

Mako na biyu ruwan ma ya ragu. Yakan kai kofi baki ya jiƙa leɓe ya ajiye. Janaki ta fara tsorata, ta ɗauki hutu ta dawo Barking. Kullum da sassafe tana kan waya tana bin layin GP, wato likitan unguwa, muryar na'ura tana gaya mata ita ce ta nawa, in an zo kanta a ce appointment na yau ya ƙare. Da ta samu, ta waya aka ba ta. Likitan ya nemi ya ji daga bakin mara lafiya, Malam ya karɓi wayar ya gaya masa cikin Turancinsa na malaman da cewa lafiyarsa ƙalau, yaji yake yi kamar yadda ya saba duk shekara, 'yarsa ce mai fargaba. Likitan ya ba shi shawara ya yawaita shan ruwa. Ban ga laifinsa sosai ba. A waya babu wanda zai ga wuyan rigar mutum ya yi masa yawa.

Shawarwari kuwa sun zo ta ko'ina. Ƙanwarsa da ke Kanada ta bugo ta ce a shafa masa man riɗi mai ɗumi a ka da tafin ƙafa. Hajiya ta sauko da zuma da habbatus sauda, ta ce ko lasa ya yi, ai zuma magani ce ba abinci ba. Tsofaffin taron suka ce a bar shi, ya san abin da yake yi, ya yi wanda ya fi wannan a gidan yari. Babu wanda ya tambaye shi ko yana iya haɗiya. Tambayar za ta zama cin fuska, kamar ka tambayi mai i'itikafi ko kuɗin haya ne ya kore shi daga gida.

A mako na uku ya faɗi a banɗaki da hantsi, Janaki ta fita sayayya. Hajiya ce ta ji ƙarar ta ƙasan ƙafarmu. Muna da makullinsa, na sauka na same shi a kwance idonsa biyu, yana ba ni haƙuri wai ya dame ni. Da na ɗaga shi sai na ji kamar na ɗauki damin karan dawa. Motar asibiti ta daɗe ba ta zo ba, a asibitin kuma muka wuni a wani lungu, yana kan gadon turawa, mutane suna ratsa mu. Ya yarda aka yi masa ƙarin ruwa, ya ce ruwa ba ya karya yaji.

Na yi jinya a ƙasashe da dama, dole in kwatanta. A gida majinyaci, wato mai zaman kula da mara lafiya, shi ne rabin asibiti, shi zai zo da bokiti da filas, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gado. A Bombai dangi kan yi sansani a baranda har da risho. Nan kuwa karɓe maka mara lafiya suke yi, su ce ka tafi gida, ka dawo lokacin ziyara. Babu wanda ya ce mu ajiye ko sisi kafin a taɓa shi, wannan na gode wa Allah na gode musu. Amma da akwai majinyaci a gindin gado, da ba a kwana biyu ana ajiye masa tire ana ɗaukewa ana rubuta cewa ya ƙi ci saboda addini ba. Sai da wata nas ta ba shi ƙwaya da ruwa, ta ga ruwan ya dawo ta baki da hanci, sannan aka tashi tsaye.

Aka zura masa kyamara ta baki. Ƙari ne a hanyar abinci, ciwon daji, ya toshe ta saura 'yar kafa. Suka rataya wani allo a saman gadonsa mai cewa nil by mouth, wato kada a ba shi komai ta baki. Ya sa na karanta masa, ya yi dariya har ta zama tari. Ya ce ya yi shekara hamsin yana yaji gwamnatoci suna hana shi, yau ga gwamnati da kanta ta rubuta masa izini.

Dariyar ba ta daɗe ba. Likitar da ke kula da shi, yarinya ce da ba ta kai Janaki ba, ta ce tiyatar cire ƙarin ta wuce shi, amma za a iya ƙona shi da haske ya ɗan ja baya, in jikinsa ya yi ƙarfin ɗauka. Ƙarfin kuma sai da abinci, abinci kuma sai ta roba. In an ciyar da shi yana iya samun watanni. In ba a ciyar ba, maganar makonni ce, ƙila ba su kai ba. Nas ta kawo robar hanci a cikin ledarta don ya gani. Yana ganinta ya juya fuska bango ya ce a fitar da ita, yaji yake yi.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi wuya a jinyar nan. Janaki ta yi lallashi, ta yi shiru, ta yi fushi. Labari ya koma wa mutanen taro cewa an kai Malam asibiti amma ya ƙi karya yaji, ciwon kuwa ba a faɗa musu ba, don ya hana. Har an buga hotonsa an manna a shaguna. Wata rana da la'asar, ina zaune, Janaki ta tsaya a kansa ta ce, "Appa, sun sami mawaƙinsu tun kafin a haife ni. Ni uba nake nema, ko na wata shida ne." Appa shi ne baba a harshensu. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Na matso da kujera. Na gaya masa a addininmu an ɗauke wa mara lafiya azumi, wanda ma ya dage har ya cutar da kansa laifi ya yi. Ya saurare ni har na gama, ya tofa yawu a kwanon kwali da suka ba shi.

"Alhaji, naka azumin na Allah ne. Shi gani yake yi, ya san in ba ka da lafiya. Nawa na mutane ne. Su kallo suke yi."

Daga nan ya faɗa mini abin da ban tambaya ba. Ya ce tun kurɓar lemon nan ya san abin da ke akwai. Lemon ya tsaya masa a ƙirji ya dawo, ga ɗaki cike da mutane, ga Rajan riƙe da kofi, ga hotuna a bango. Bai iya cewa ya kasa haɗiya ba, sai bakinsa ya ce zai ci gaba, kafin ya ankara an tafa. Ya kuma ba ni labarin hancin. A gidan yari gandirebobi ne suke danne shi, ɗaya a ƙirji, ɗaya ya riƙe kai, a tura masa roba mai kauri ta hanci a ɗura madara da mazurari. Ranar da ya fizge kai ne ƙashin ya karye. Ya ce har yau in ya ji warin sabuwar roba sai gwiwar mutumin nan ta dawo masa ƙirji.

Washegari likitar ta dawo, ina wurin. Ta yi masa tambayoyi don ta tabbatar ya fahimci abin da zai faru in ya ƙi, ya amsa mata tsaf. Ta ce to, yana da capacity. Wannan kalmar ta zauna mini. Ma'anarta hankalinsa ya isa ya yanke wa kansa hukunci, saboda haka babu wanda zai riƙe shi, babu wanda zai sa masa komai sai da yardarsa, ko da 'yarsa ta roƙa. Ta ƙara da cewa in hancin ne matsalar, ana iya yin ƙaramin aiki a huda ciki a sa robar ta nan. Ya sa ta maimaita maganar riƙewar. Ta maimaita, ta dafa hannunsa, ta wuce gado na gaba.

Na zaci zai ji daɗi. Sai na ga ransa ya ɓaci. Ya ce tun da ya ga robar nan yake tara sauran ƙarfinsa don kokawa, sai ga shi an buɗe masa ƙofa an ce ya wuce. Can ya ce a gidan yari in ya ƙi ci akwai wanda abin ke ƙona wa rai, har minista sai ya kasa barci. Nan kuwa yarinyar nan za ta rubuta a fayil ta ci gaba da aikinta, gwamnatin can ma ba ta san yana raye ba.

"Mutum ɗaya yajin nan yake ci," ya ce. "Janaki tana wajen ajiye motoci tana kuka, tana zaton ban sani ba. Je ka kira mini Rajan."

Mista Rajan ya zo da rana, cikin kwat ɗinsa ta zuwa taro, da sarƙar furanni a leda. Da Tamil suka yi magana, ni fuska kawai nake karantawa, Janaki ce ta fassara mini daga baya. Malam ya gaya masa komai, tun daga lemon. Rajan ya tsaya riƙe da ledar bai zauna ba. Da ya buɗe baki cewa ya yi ɗansa ba shi da gawa, ba shi da takardar mutuwa, yajin nan kaɗai yake da shi, a nan ne kawai ake kiran sunansa da ƙarfi.

Malam ya ce, "Na shekarun baya duk nasa ne, ban taɓa cin ƙwayar shinkafa a ɓoye ba. Wannan na ƙari ne. Ba zan ba ɗanka na jabu ba."

Rajan ya ajiye ledar a kan durowa ya fita bai yi sallama ba. Malam ya rufe ido, na ɗauka barci ya yi. Sai ya ce wa Janaki ta nemo likitar, ta ce mata robar ciki ya yarda, ta hanci kuwa har abada.

Aka yi aikin. Ga wani abu da ban sani ba sai a nan, ina so a sani. Mutumin da ya daɗe bai ci ba, ba a cika masa ciki lokaci ɗaya, yin haka na iya kashe shi. Kaɗan-kaɗan suka fara, suna ɗibar jini suna dubawa. Abincin wani ruwa ne mai kauri kalar kunun kanwa, ana zuƙa a babban sirinji a tura ta robar. Ranar farko nas ta zo za ta tura, ya riƙe hannunta ya ce ta koya masa. Rabinsa ya zube a zanen gado, amma shi ya tura. Daga ranar har ƙarshe babu wanda ya ciyar da shi sai shi. Na'urar da suka ce za ta riƙa turawa da kanta ma ya ƙi ta.

Bayan ya dawo gida jinya ta zama aikin yau da gobe. Katan-katan na abincin suka cika masa zaure. Bakin hujin ya taɓa yin ruwa, sai da aka ba shi magani. Robar ta taɓa toshewa, muka ruɗe, nas ɗin da ke zagayen gidaje ta nuna mana yadda ake wanke ta da ruwan ɗumi bayan kowane ci. Zuwa ƙona ƙarin ya fi komai wahala. Motar asibiti takan zo da wuri ta dawo da shi a makare, wani lokaci mu isa a ce an yi cancel, na'ura ta lalace. In mun gaji mu ɗauki tasi, tasi kuma da wurin ajiye mota su ne suka cinye aljihun Janaki, ga hutunta ya ƙare ta koma na babu albashi. Magani kyauta ne a ƙasar nan, jinya ba kyauta ba ce. Ni da ita muka raba kwanaki, Hajiya ta ɗauki wanki. Ta kuma daina soya albasa taga a buɗe don kada ƙamshin ya dame shi. Ya aiko ni in gaya mata ta buɗe tagarta, hanci ne kawai ya rage masa da zai ci abinci da shi, duk da karkacewarsa.

Masu ziyara sun ragu, wannan ba zan ɓoye ba. Aka cire hotunan daga shaguna. Wasu suka ce dama can sun san halinsa. Wasu sun ci gaba da zuwa, yawanci mata tsofaffi, su zauna su ba shi labarin ciwon gwiwarsu. Rajan bai leƙo ba duk tsawon zafi. Sai da ganye ya fara zuba ya ƙwanƙwasa ƙofa wata Lahadi, ya tsaya ya dubi robar da ke leƙowa ta ƙasan riga, ya ce Malam ya yi ƙiba. Suka zauna suka yi hirar wasan kurket. Maganar asibiti ba ta taso ba, a iya sanina ba ta taɓa tasowa ba har ƙarshe.

Na taɓa tambayar likitar ko da an zo da wuri da ya warke. Ta ce ba za ta yi alkawarin abin da ya wuce ba, amma da an zo lokacin da abinci mai tauri ya fara tsaya masa, da hanyoyin da ke gabansu sun fi haka yawa. Saboda haka nake roƙon 'yan'uwana. Mu ma muna da tsofaffi masu azumin Litinin da Alhamis, masu cewa sun ƙoshi, masu cewa abincin Turai ne bai karɓe su ba. Ku zauna ku ci tare da su, ku kalli wuyansu. In tuwo ya koma kunu, kunu ya koma shayi, kada ku tsaya a waya, ku kai su a gan su ido da ido, ku shiga ɗakin likitan tare da su. Tsoho mai mutunci ya fi kowa iya ɓoye ciwo, don mutuncin nasa yakan ba shi abin fakewa.

Ya rasu a gadonsa, Janaki na riƙe da hannunsa, bayan ƙarin ya koma huhu. Na je wurin ƙona gawar na tsaya daga baya. A Bombai na ga ana yi a fili da itace, nan labule ne da maɓalli, kuma Janaki ce ta danna, tunda ba shi da ɗa namiji. Rajan na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin. Yaran makarantar Asabar suka rera waƙar giginya. Allah ya ba Janaki haƙuri, ya saka wa nas-nas ɗin nan da alheri.

Watannin da ya samu ba na jarumta ba ne. Ya yi faɗa da 'yarsa a kan talabijin, ya koya wa Hajiya wata miyar tsamiya tasu da baki yana zaune, ya rubuta waƙoƙin da ya ce ba na taro ba ne. Wata rana a ƙarshen zafi na tura shi a keken marasa lafiya zuwa lambun unguwa, Janaki na biye da mu da jakar sirinji. Muka zauna a inuwa, na tambaye shi ko yana nadama. Ya ce da ya mutu a wancan makon, da yanzu hotonsa na bangon kowane shago daga nan har Kanada, da furanni a wuya, ga shi ya ɓuge da sauraron surutun wani tsohon Bahaushe. Na ce ai bai makara ba, ina iya mayar da shi. Ya yi dariya, ya juya yana neman 'yarsa.

"Janaki, lokaci bai yi ba ne? Yunwa nake ji."

Ta tsaya da jakar a hannu tana kallonsa. Daga baya ta gaya mini tun da aka haife ta ba ta taɓa jin ya faɗi haka ba. Ta durƙusa a kan ciyawa ta zuƙo abincin ta miƙa masa, ya ɗaga gefen rigarsa a gaban duk mai wucewa, ya fara turawa a hankali.